Tambayi Anti Jummai: Daga Beljiyam ta Gareji Zuwa Beljiyam ta Faranti

Assalamu alaikum jama'a. A fitowar da ta gabata na ambata, cikin layi biyu kacal, cewa mun fita da abokan aiki bayan an tashi ofis mun ci abincin Beljiyam a wani gida da ke Wuse II. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Na zaɓo wasiƙu biyar, na datse tsawon wasu. Masu neman sunan gidan ku yi haƙuri, filin nan ba na talla ba ne. Ko ficika ba su ba ni ba, ni ce ma na ba su, har da ƙari.

Anti Jummai, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a Sakatariya. Shugabar sashenmu ta samu ƙarin girma, ta ce ran Juma'a in an tashi za ta kai mu cin abincin Beljiyam. Wallahi Anti, ni iyakar sanina da Beljiyam motar hannu ce da kwancen inji. Abu biyu nake tsoro: kada in ci haram ban sani ba, kada kuma in tafka ƙauyanci a gaban mutane. In ƙirƙiro uzuri ne in gudu gida? — Sadiya, Kubwa

Ƙanwata Sadiya, ba inda za ki gudu. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Duk wanda ya taɓa kai mota gyara Apo ya ji bakanike yana tambaya, "Sabo za a sa ko Beljiyam?" Daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf da ke Beljiyam aka daɗe ana lodo motocin da Turawa suka gama yayinsu ana kawowa Kwatano da Legas, shi ya sa sunan ya manne wa duk wani kwance. To, su ma mutanen can suna ɗora tukunya, kuma abin da ke cikinta ba kwance ba ne.

Ƙasa ce 'yar mitsitsiya, ko rabin jihar Neja ba ta kai ba, mutanenta kusan miliyan 12, ta ɓalle daga Holan a 1830. Abin da zai yi miki amfani a tebur shi ne, arewacinta harshen Holan suke yi, kudu Faransanci, sai wani ɗan yanki a gabas mai Jamusanci. Don haka kusan kowane abinci suna biyu gare shi. Shekarun baya da na je kwas na mako uku a Burasel, babban birninsu, sai da na yi kwana huɗu kafin in gane carbonnade da stoofvlees abu ɗaya ne.

Bari in ba ki labarin tamu fitar, sai ki ga wa ya yi ƙauyanci.

Ranar Alhamis ce, mu huɗu: ni, Talatu, Bilkisu da Hajiya Rabi. Muka yi magariba a masallacin ofis, Talatu tana jiranmu a mota tana ta danna ham. Mun zauna ke nan aka miƙo mana takardar jerin abinci, sai ga wayar maigida, na fita waje amsawa. Kafin in dawo Hajiya Rabi ta sashen kuɗi, wadda ba ta yarda a duniya wani ya fi ta sani, ta riga ta ɗora yatsa kan wani abu wai shi filet américain. Ta ga Amurka a ciki, ta ƙudura a ranta gasasshen nama ne irin na masu kuɗi. Yaron da ke hidima ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu, "Na sani, kawo kawai."

Aka kawo. Niƙaƙƙen naman sa ne ɗanye shar, jajawur, an kwaɓa shi da mayonis da mastad da gwaiduwar ƙwai, an mulmula shi a tsakiyar faranti, ga soyayyen dankali a gefe. Haka ake cinsa a can, har a burodi suke shafawa. Hajiya Rabi ta kalli faranti, ta kalli yaron, ta gyara zaman gyalenta, ta ce, "Ɗan nan, gas ɗinku ne ya ƙare?" Talatu ta yi dariya har ruwa ya sarƙe ta. Naman nan dai ba wanda ya taɓa shi, amma ya fito a takardar kuɗi tsaf. Da Hajiya ta bar yaron nan ya ƙarasa maganarsa, da ba mu samu abin tsokanarta har yau ba. Matambayi ba ya ɓata, Sadiya, kuma ban taɓa ganin gidan abincin da aka yi wa mutum dariya don ya tambayi abin da zai sa a cikinsa ba.

Sai dai tambayar ma iyawa ce. In kika ce wa mai hidima "Halal ne?" zai ce miki e, kuma ba ƙarya ya yi ba a nasa ganin, don naman sa ne daga mahautan Abuja. Matsalar ba a naman take ba, tana cikin romo. Mutanen Beljiyam giya ce daddawarsu. Yadda ba za ki tuna ki gaya wa baƙo kin sa daddawa a miyar kuka ba, haka kukun da ya koyi girkinsu ba zai tuna ya gaya miki ya tuttula kwalba guda a tukunya ba. Sun ɗauki abin da girma har hukumar UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin jerin kayan gadon duniya a 2016. Don haka ki ce a kira miki kuku, ki tambaye shi kai tsaye: da me ka dafa romon nan, akwai giya ko giyar inabi? Akwai wani abu na alade, ko kitsensa?

Carbonnade ɗin nan da na ambata shi ne babban tarko, don ya fi komai kama da namu. Naman sa ne da albasa mai yawa, an dafa ya yi tuɓus, romon ya yi kauri baƙi-baƙi, ana ɗora yankan burodi mai mastad a kai ya narke ciki. Bilkisu na ganin hotonsa ta ce ta samu farfesu. Amma a cikin giya ake dafa shi tun daga farko har ƙarshe. Za ki ji wani a teburin ya ce ai wuta tana ƙone barasar. Ba ta ƙonewa duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna in an dafa abinci da barasa na minti 15, kusan kashi 40 cikin ɗari na nan. Bayan awa ɗaya kashi 25. Ko an kai awa biyu da rabi akwai ragowar kashi 5. Kukun da muka samu mutumin kirki ne, ya ce in aka sanar da shi tun da rana yakan yi wata tukunya daban da romon ƙashi, ɗan ruwan tsami da jan sukari. Ki sa a buga waya tun ran Alhamis, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki riƙe waɗannan kalmomi a wayarki. In kin ga bière, bier, gueuze, kriek, vin ko wijn, giya ce. In kin ga porc, jambon, lard, lardons, spek, hesp ko varken, alade ne. Akwai kuma inda yake ɓuya ba a rubuta ba. Stoemp, wato dakakken dankali da ganye da karas, galibi da soyayyen naman alade ko tsiran alade yake zuwa. Chicons au gratin wani farin ganye ne mai ɗaci-ɗaci da ake naɗewa cikin yankan naman alade a zuba cuku a gasa. Ƙwallayen naman garin Liyej, boulets, haɗin sa da alade ne. Har vol-au-vent, da yake kaza ce cikin farar miya, akan jefa masa ƙananan ƙwallayen nama da ba ki san asalinsu ba.

To me ya rage? Abin da na ci, kuma zan sake ci: waterzooi. Girkin garin Gent ne. Da kifin kogi aka fara yinsa, yanzu kaza ta fi yawa. Ana dafa ta da karas, seleri, dankali da wani dangin albasa mai dogon ganye da manoman Jos ke kira lik, sannan a ɗaure romon da kirim ɗin madara da gwaiduwar ƙwai. Fari ne sol, kamar an yi farfesun kaza an manta da attarugu aka zuba madara. Cokalin farko za ki ji shi salam. Ki daure zuwa na uku, a nan ƙamshin ganyen da garɗin kazar ke fitowa. Shi ma ki tambaya, don wasu kukun kan ɗiga masa giyar inabi. In kina cin jatan lande, ki gwada croquettes, ɓawonsu ƙamas-ƙamas, ciki kuma laushi kamar fate.

Bilkisu dai ba ta kai cokali na uku ba, ta zaro ƙullin yajin ƙuli daga jaka ta barbaɗa. Ban ga laifinta ba, amma ban bi ta ba. In bakinki ya matsa sai da zafi, ki nemi miyar da suke kira samurai, mayonis ce mai barkono.

Abu na ƙarshe, tunda Kubwa za ki koma. Irin wannan zama ba ya ƙarewa kafin tara. Tun a ofis ki san motar wa za ki bi. Kada daɗin hira ya sa ki tsaya bakin titi a Berger da dare kina tare motar da ba ki sani ba.

Hajiya Jummai, na ga hoton wata baƙar tukunya cike da baƙaƙen ɓawo, wai shi ne abincin da 'yan Beljiyam suka fi ji da shi. Abokina ya ce haramun ne, uwargida kuma ta ce ko halal ne ƙazanta ce. Ni kuwa raina ya biya. Wa ya fi gaskiya? — Malam Nasiru, Gwarinpa

Malam Nasiru, Allah ya ƙara haɗa kanku da uwargida, amma a wannan karon ba na bayanta. Sunansa moules, wani ɗan naman teku ne da ke zaune cikin ɓawo mai marfi biyu. Ni ba malama ba ce, fatawa ta malamai ce, ka kai musu. Abin da dai muka tashi muka karanta shi ne, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ana kafa hujja da aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida. Hanafawa ne suka taƙaita kan kifi kaɗai, wataƙila can abokinka ya jiyo. Inda ya kamata ka sa ido shi ne ruwan dahuwar, don mafi yawanci da farar giyar inabi ake turara shi, wani lokaci da giya. Ka ce a yi maka moules nature: seleri, albasa, bota, shi ke nan.

Talatu ce ta saye shi ranar, muka taya ta. Tukunyar da ka gani a hoto ita ake kawowa tebur da marfinta. Ana ɗagewa tururi ya buge ka, ƙamshin seleri da gishirin teku, ba ƙarni ko kaɗan. Marfin ake kifarwa a gefe a riƙa tara ɓawo a ciki. Talatu ta ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu tana kokawa, ɓawo ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kofin Hajiya Rabi, wadda dama a cike take. Na nuna mata yadda na ga ana yi a Burasel: ka cinye na farko, ka riƙe ɓawonsa tsakanin babban yatsa da manuniya, ya zame maka hantsaki, da shi za ka riƙa tsamo sauran. Da hannu ake ci, Malam. Mu da muka girma da tuwo ai an zo gidanmu. In an gama a tsoma dankali ko burodi a romon da ya kwanta a ƙasa, ni a wurina nan daɗin yake.

A can akan ba mutum ɗaya kusan kilo guda, amma kada ya ba ka tsoro, ɓawo ne ya fi yawa. Wani abin dariya kuma, yawancin wanda suke ci ba nasu ba ne, daga yankin Zeeland na Holan ake kawo musu, kakarsa tana farawa wajen watan Yuli ta kai har Afrilu.

Inda uwargida take da 'yar gaskiya: Abuja ba bakin teku ba ce. Duk wanda za ka ci a nan daskararre ne ya sha tafiya, kuma ka san halin wutarmu. Abu ne da ba ya yafe narkewa a sake daskarewa. In an buɗe tukunya ka ji wani wari mai hawa kai, ka mayar, kada ka ji nauyin kowa. Wanda ɓawonsa ya fashe, ko ya ƙi buɗewa bayan dahuwa, ka ajiye shi gefe. In kuma ka san jatan lande ko ƙaguwa na sa maka ƙaiƙayi ko kumburi, ka haƙura da shi sai ka ji ta bakin likita.

Hajiya, ina gaisuwa. Ni mai shayi ne, ina soya dankali da ƙwai da dare. Wani kwastoma da ya zauna Turai ya ce dankalina laƙwas yake, wai in ga na Beljiyam. Abin ya tsaya mini a rai. Dankalin Turawa dai daga nan Filato ake kai wa ko'ina. Me suka fi mu da shi? — Sabo mai shayi, Jos

Malam Sabo, wasiƙarka ta fi kowacce faranta mini rai, don a Jos aka yanke mini cibi, kuma na yi shekaru ina bin mahaifiyata Farin Gada sayen kayan miya. Ba su fi mu ƙasa ba, ba su fi mu sanyin da dankali ke so ba. Haƙuri suka fi mu, sai zaɓen iri.

Sau biyu suke soyawa, asirin ke nan. Su yanka shi da kauri, kamar santimita ɗaya, wajen kaurin ƙaramin yatsanka. Su tsane shi sarai da tsumma mai tsabta, don ruwa shi ne abokin gabar suya. Suyar farko a mai marar zafi sosai, wajen digiri 150, minti shida zuwa takwas. A nan ba launi ake nema ba, so ake cikinsa ya nuna. Sai a tsame da matsami a baza a tire, a bar shi ya huce, aƙalla rabin awa. In mai saye ya zo, sai a jefa nasa a mai mai zafi, digiri 175, minti biyu zuwa uku, ya yi ruwan zuma. A tsame, a girgiza, sannan a sa gishiri. Ba a sa gishiri kafin suya, ba a kuma rufe shi da faranti ko a ƙulle a leda, tururinsa ne ke mayar da shi jagwab.

Na san ba ka da ma'aunin zafi. Ka jefa sili ɗaya ka gani. In ya nutse yana fitar da ƙananan kumfa a hankali, man suyar farko ne. In ya taso nan take yana ƙara, na biyu ne. In mai ya fara hayaƙi ka wuce gona da iri. Kada kuma ka cika kasko, dankali mai yawa yana kashe zafin mai sai ya koma shan mai maimakon soyuwa. Ka lura wannan tsari ma sauƙi ne gare ka: ka gama suyar farko tun la'asar, da dare kowa minti uku ka sallame shi.

Na biyu, mai. Na gargajiyarsu da kitsen shanu ake yi, wato kakiɗen da mahautanmu ke sayarwa da araha. Na tuna wani dare a Burasel, sanyi kamar na Disambar Jos an ninka uku, na tsaya layi a wata 'yar rumfa irin da suke kira fritkot. Sai da na tambayi mai rumfar wane kitse ne, ya nuna mini kwalin da hoton sa a jiki. Ya naɗe takarda kamar mazurari ya cika, ya ɗora mayonis a kai. Ina gatsa na farko na ji ƙamshin da na sani, irin na tukubar mai tsire. Ka gwada haɗa kakiɗe mai tsabta da man gyaɗa ka ji. Sharaɗinsa a ci da zafi, in ya huce yana kama dasashi.

Na uku, iri. Su Bintje suka fi so, wani iri da wani malamin makaranta a Holan ya samar farkon ƙarnin da ya wuce, gari gare shi, ruwansa kaɗan. Nicola da ta cika gonakin Bokkos da Mangu kuwa mai danƙo ce, ta fi kyau a fate da dafawa, shi ya sa take ba ka wahala a kasko. In ka je kasuwa ka ce wa dillali mai gari kake so na suya, ka sayi 'yan kaɗan daga iri biyu ko uku ka gwada. Wanda ya ɗan kwana biyu bayan haƙa ya fi sabon haƙa. Kada ka ajiye ɗanye a firji, sanyi na mayar da garinsa sukari, sai ya yi baƙi tun bai nuna ba.

Su da Faransawa har gobe suna jayayya kan wa ya fara. 'Yan Beljiyam na da labarin cewa masuntan kogin Meuse ne, in kogi ya daskare ba kifi sai su yanka dankali siffar ƙananan kifi su soya, amma masana tarihi da yawa ba su gamsu da labarin ba. Ko ma wa ya fara, su suka riƙe abin da hannu biyu, har gidan tarihin soyayyen dankali suka buɗe a garin Buruj a 2008. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan 'yar ƙasar ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da daskararren dankalin suya. Je ka manyan kantunan Abuja ka ga ledojin waje a firiza, alhali in damina ta yi kyau manomin Bokkos rasa inda zai adana nasa yake, ya sayar a wulaƙance ko ya ruɓe. Da na tambayi kukun Wuse II ina yake samo nasa ya ce daga Jos motar ke zuwa duk mako, sai da na ji kamar in yi guɗa.

In kwastoman nan ya dawo, ka soya masa sau biyu kada ka ce komai. Ka rubuto mini abin da ya ce.

Anti, abokina ne ya ce mu je mu gwada wani sabon wuri bayan aiki, mu shida. Aka ci aka sha, da takardar kuɗi ta zo kowa ya duƙufa kan wayarsa. Ni na biya, rabin albashina ya tafi. In tambaye su ko in bar wa Allah? — Aliyu, Lugbe

Ɗana Aliyu, ka tambaye su. A al'adarmu mai gayya shi ke da ɗawainiya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka abokin naka ne ya kamata ya fara laluben aljihu, ba kai ba. Tura musu hoton takardar a WhatsApp, ka raba shida, ka sa lambar asusunka, ka rubuta "Allah ya ba da ikon biya." Wanda ya ji haushi dama cin banza ya zo.

Nan gaba a yi maganar tun a mota: gayya ce ko karo-karo? Kuma kuɗin da ka gani a jerin abinci ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ga kuɗin hidima da gidaje da yawa ke ɗorawa. A Beljiyam duk wannan yana cikin farashin da aka rubuta, abin da ka gani shi za ka biya. Da ma wannan muka fara kwaikwaya kafin waterzooi. Mu ranar karo-karo muka yi, kuma mun taya Hajiya Rabi biyan ɗanyen namanta, don dariyar da muka sha ta fi kuɗin.

Anti Jummai, maigida zai je taro Burasel wata mai zuwa, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. Yara sun ce waful. Me zan ce? — Maman Ummi, Karu

Maman Ummi, waful, wannan gasasshen kwaɓin fulawa mai ramuka-ramuka, ba ya tafiya, a bar shi can ya ci a madadinku. Iri biyu ne: na Burasel mai kusurwa huɗu, marar nauyi, ana barbaɗa masa garin sukari, da na Liyej mai nauyi da danƙo, an cusa masa ƙwayoyin sukari da ke narkewa su yi ɓawo a jikin ƙarfen gashi. Na Liyej na fi so, ko komai ba a ɗora masa ba. Dukansu da zafi suke da rai. In yara sun matsa, ƙarfen gasawar ake sayowa, ana samunsa ma a Kasuwar Wuse.

Ki ce cakulan. A Burasel ne Jean Neuhaus ya ƙirƙiro praline a 1912, wato cakulan mai ɓawo da aka cika cikinsa da wani abu mai laushi, kuma shagon gidan nasu na nan har yau. In aljihu bai kai can ba, shagon Leonidas ya fi sauƙi. Amma ki ja masa kunne, wasu da barasa ake cika su. Duk wanda aka rubuta liqueur, rhum, kirsch, cognac ko champagne ya bar musu kayansu, ya ce da mai shago sans alcool. Ya haɗo da biskit ɗin speculoos mai kirfa, yana jimirin tafiya kuma ya dace da shayi. In ya ga wata alewa ruwan hoda mai duhu, mai siffar hanci, sunanta cuberdon, da ƙaro ake yinta, irin wanda ake tsinta a dazukan Yobe da Barno. Ya duba kwalin ko an ƙara gelatin, wato sinadarin da ake samowa daga fata ko ƙashin dabba, har da alade, kuma a shanye ta da wuri don ba ta daɗewa. Koko ɗin ma ba ya tsiro a ƙasarsu, daga irin su Kwaddibuwa da Gana da namu na Ondo ake kai wa Turai. Mu noma, su naɗe a kwali mai zare, maigidanki ya sayo da Yuro.

Ya riƙo cakulan ɗin a jakar hannu, kuma in ya sauka kada ya bari a jefa shi a but. Nawa haka aka yi masa, a watan Maris, muka kuma tarar da cunkoso a hanyar filin jirgi wajen Lugbe. Kwali biyu na sayo, guda na surukata. Da muka isa gida na buɗe, duk sun haɗe sun zama kunu. Da cokali yara suka shanye nasu, na surukar kuwa na sa a firji ya daskare, na kai mata na ce haka 'yan Beljiyam ke yinsa.